Amanar Tukunyar Tsami

Litinin, 22 ga Oktoba, 1956

Hajjo, matata, ta tafi Kalgo da hantsi. Madina, 'yarmu, ta shiga watanta, kuma ba ta da kowa a can sai dangin miji. Uwar ba za ta dawo ba sai an yi arba'in. Ta bar ni a hannun Yaya Nagoggo, wai ita za ta riƙa yi mini girki. Yaya ta girme ni nesa, kunnenta ya yi nauyi, kuma tun muna yara ba ta taɓa yarda ta yi kuskure ba.

Gida shiru. Haka nake so. Tun da na bar ofis a Birnin Kebbi na dawo Gwandu ban nemi hayaniyar kowa ba. Na yi karatun Katsina, na yi akawu har furfura ta cim mini, yaran da na koya wa riƙon alƙalami su aka ɗora a kaina, ni kuma aka sallame ni da agogon bango da godiya. Agogon ma ba ya faɗin gaskiya.

Ga dattawan unguwa can ƙarƙashin ceɗiyar ƙofar Malam Hamidu na'ibi, kowa ya fito da akushinsa, ana ciyayya ana dariya. Me ake wa dariya a garin nan? Ni a ciki nake cin nawa.

Laraba, 24 ga Oktoba

Tuwon Yaya. In aka jefi kare da shi sai an biya diyya.

Asabar, 27 ga Oktoba

Ina shan shayi da safe, haka nan kawai burodi ya faɗo mini a rai. A Birnin Kebbi akwai wani Albarka, kukun wani Baturen gona, shi kan miƙo mana ta bayan kicin, da ɗuminsa. A duk shekarun ofis ɗin nan, in aka ce in faɗi abu guda da bai taɓa ɓata mini rai ba, shi ne.

Na shiga kasuwa na auno alkama wajen wani mutumin Malisa. Ya ce, “Malam Akawu, alkaki za a yi? Ko amarya za a ƙara tun da uwargida ta ba da baya?” Na ce ya auna ya rufe bakinsa.

Lahadi, 28 ga Oktoba

Yaya ta niƙa ta tankaɗe tana mita. Na shige ɗaki na sa sakata, na kwaɓa da ruwa da gishiri. Namiji da gemu, hannu dumu-dumu cikin ƙullu: in wani ya leƙo, Gwandu ta samu abin faɗa har Sallah.

Na gasa a tukunyar ƙarfe, garwashi sama da ƙasa. Abin da ya fito ya fi tuwon Yaya tauri. Ta ɗauka ta ƙwanƙwasa ta ce, “Siddi, wanga na niƙa ne ko na wasa wuƙa?” Ta yi dariya har da tari. Na miƙa wa akuya, ta shinshina ta dube ni.

Amma ƙanshin. Ƙanshin ya yi kusa.

Talata, 30 ga Oktoba

Adamu direban motar Kalgo ya kawo saƙo: Madina ta sauka jiya, namiji, kowa lafiya. Alhamdu lillahi. Na tsaya a zaure na rasa wanda zan gaya wa. Na shiga na faɗa wa Yaya da ƙarfi har ta gane, ta rangaɗa guɗa, ta hutar da ni sanar da unguwa.

Alhamis, 1 ga Nuwamba

Laifin tukunyar ƙarfe ne, na yanke. Tanderu ake bukata. Akwai tsohuwar randa mai tsaguwa a bayan rumbu, na kwantar da ita bisa tubali, na kwaɓa laka da dusar gero na lulluɓe ta, na bar mata 'yar kafar hayaƙi a baya. Rabon da in taɓa laka tun muna gina shanu a bakin tafki. Ashe hannu ba ya mantuwa. Na shafe bayanta sumul, har na zana mata 'yan layuka da tsinke, don me ban sani ba.

Bayana na ciwo. Na yi barcin rana kamar jariri.

Lahadi, 4 ga Nuwamba, Kalgo

Mun iso da la'asar, ƙashi duk ya kwance. Fadama ta yi jawur da shinkafa, ana ta yanka, gari kuwa sai ƙarnin kifi.

Hajjo ba ta ko bari na gama shan ruwa ba. “Malam, mi ya samu farcenka?” Na ce gyaran katanga. Ta dube ni irin duban nan nata.

An miƙo mini yaron. Ja, ya murtuke fuska, ya dunƙule hannu kamar an hana shi ƙarin girma. Hajjo ta ce, “Ga kamanni nan, ba sai an tambaya ba.”

Litinin, 5 ga Nuwamba, Kalgo

Suna. Lukuman, mijin Madina, bai faɗa mini sunan da za a sa ba. Sai da liman ya ɗaga murya na ji: Abubakar Siddiƙu. Sunana. Mahaifin Lukuman, malami ne babba a nan, ya riƙe hannuna ya ce Allah ya sa yaro ya gaji mai sunan. Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Ban san abin da yaron ya yi musu ba.

Bayan an watse na fita shan iska wajen tasha. Wa zan gani a rumfar shayi? Albarka, ya tsufa, haƙoran gaba sun tafi, bakin dai yana nan.

“Akawu! Kai ne ko fatalwarka? An ce ka shige ɗaki a Gwandu ka ce duniya ta biyo ka in tana so.”

Na ce ya ba ni shayi ya rage surutu. Ya yanko mini burodi. Shi ne dai. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce wai wani abokina ne ya gwada ya samu dutse. Ya yi dariya har ya dafa tebur. Ya ce, “Gaya wa abokin naka burodi sai da uwa.” Ya jawo wata tukunya daga ƙarƙashin benci ya buɗe: ƙullu ne mai tsami, yana ƙyafta ido kamar mai rai. Wai da shi ake haɗa kwaɓi ya tashi. Kullum safe a ɗebe rabi, a ciyar da ita gari da ruwa, kamar akuya.

Na rage murya na ce, “Albarka, tsakaninka da Allah, ba bammi, ba giya?” Don kowa ya san shekarun da ya yi yana buɗe wa Turawa kwalabe.

Ya ce, “Wallahi tun da Baturena ya hau jirgi ban taɓa kwalba ba sai ta man gyaɗa. Gari ne da ruwa. Ita da kanta take rayuwa.”

Ya zuba mini a 'yar tukunya, ya ɗaure bakin da tsumma. Ya ce in gaida abokin nawa.

Laraba, 7 ga Nuwamba

Ban so rubuta wannan ba.

Mun taso daga Kalgo, tukunya bisa cinyata, na rufe da hannun riga. Cikin fasinja har da Atiku mai albasa, maƙwabcina, wanda bakinsa ya fi rumfarsa faɗi. Taya ta fashe a hanya, muka zauna cikin mota rana na dukanmu. Sai na ji tsumma na kumbura ƙarƙashin hannuna. Na danne. Ta ƙi. Kumfa ta tsattsafo ta gangaro kan farar rigata, wari ya cika mota, irin warin nan da ake ji in an wuce bayan wasu gidaje na gefen bariki. Wata tsohuwa ta toshe hanci tana salati.

Atiku ya ce, “Malam Akawu, mi ke cikin tukunya?”

Da na ce tsamin burodi, tambaya ta gaba ita ce wa zai kwaɓa. Sai bakina ya ce, “Magani ne.”

Atiku ya gyaɗa kai a hankali. “Awo. Wajen Albarka kuku aka karɓo ko? Na hango ka. Allah shi ƙara sauƙi.”

Har muka shigo Gwandu ba wanda ya sake yi mini magana.

Juma'a, 9 ga Nuwamba

Ya tashi!

Na kwaɓa da asuba na rufe da faifai, kafin hantsi ya ɗaga faifan da kansa. Na tsaya ina kallo kamar baƙauye ya ga jirgi. Na cuɗa, laushi kamar kuncin jariri, yana numfashi ƙarƙashin hannu. Na hura tanderu da itacen ƙirya har cikinta ya yi fari, na kwashe garwashi, na jera, na toshe baki da guntun garwa.

Saura kaɗan in makara Juma'a saboda tsayuwa gaban randa.

Bayansa ja kamar kunun kanwa ya daskare, cikinsa duk ƙofofi. Na tsaga, tururi ya bugi gilashina. Na shafa man shanu. Yaya ta ci guda, ta ci na biyu, sannan ta ce gishiri ya yi kaɗan.

Ni, Siddiƙu, na yi abu da hannuna ya fito yadda ake so, kuma ba wanda zai sa hannu a ƙasa ya ce shi ya yi.

Lahadi, 11 ga Nuwamba

Na kai wa Lawali maƙeri garwar kananzir ya yanka mini gwangwanaye masu kusurwa huɗu. Na ce na ajiye ƙusoshi ne. Na ƙone su da wuta, na goge da toka har warin ya fita.

Na soya albasa na cuɗa cikin kwaɓin yau. Abin da Albarka bai taɓa tunani ba ke nan. Albasar Gwandu ce, ko a takalmi aka sa ta sai ya ciwu.

Ya yi yawa, mu biyu ba za mu cinye ba. Na ce Yaya ta kai gidan na'ibi da gidan Atiku, ta ce tsarabar Kalgo ce. Ba don komai ba, don kada ya lalace.

Litinin, 12 ga Nuwamba

An dawo da kwanukan. Da burodin a ciki.

Talata, 13 ga Nuwamba

A masallaci da azahar na miƙa wa Lawali hannu, ya ba ni kan yatsu. Wanda ke damana a sahu ya ɗan ja jikinsa, har iska na wucewa tsakaninmu.

Yaya ce ta fasa mini ƙwan. Ba ta ji, amma ba abin da ke wuce ta. Wai zance ya gama gari: Akawu ya kori matarsa Kalgo don ya sake, ya gina murhu a bayan rumbu, yana rufe ɗaki, hayaƙi kullum, wari kullum, ya sayi garwa. Wai dama 'yan boko haka suke ƙarewa. Wai abin da ya sa ba ya zama cikin mutane ke nan tun da ya dawo. Burodin ma da ruwan abin aka haɗa shi.

Ta ce, “Kai ka ce magani. A garin ga wa bai san mi mashaya ke kira magani ba?”

Na ce su faɗi abin da suka ga dama. Yaushe na damu da bakin mutanen Gwandu?

Laraba, 14 ga Nuwamba

Ban gasa ba. Na dai ciyar da uwar burodin. Ita ba ta yi laifi ba.

Alhamis, 15 ga Nuwamba

Adamu direba ya tsaya a ƙofa, yana ta sosa ƙeya. Wai Hajjo ta ce a tambaye ni wane irin ciwo ne nake shan magani ba ta sani ba, don surukan Madina sun fara yi mata tambayar da ba ta gane ba.

To. Ya isa Kalgo.

Da ni kaɗai ne, wallahi sai in bar su. Sunan nan nawa na daɗe da daina tsammanin komai daga gare shi. Amma yanzu akwai wani mai jan fuska a Kalgo da aka rataya wa shi, bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya girma a ce masa mai sunan mashayi? Kakansa na wajen uba ya riƙe hannuna a gaban jama'a.

Biyu ce ta rage. Ko in zauna mashayi, ko in fito in ce ni ne mai kwaɓa ƙullu kamar matan gida. Na rasa wadda Gwandu za ta fi jin daɗi.

Juma'a, 16 ga Nuwamba

Bayan la'asar na ɗauki tukunya na tsallaka zuwa ceɗiya. Tafiyar ba ta kai jifa ba, amma sai na ji kamar ta Kalgo. Na yi sallama, aka amsa ƙasa-ƙasa. Na ajiye ta tsakiyar tabarma na buɗe. Kowa ya ja baya.

Malam Hamidu mutum ne mai sanyin magana, shi ya sa ta fi zafi. Ya ce, “Malam Siddiƙu, mu ba mu ce ba. Amma hanci ba a yi mashi tafsiri.”

Na ce tsamin burodi ne. Na ce ƙullun masa ba ya tsami? Nono fa? Koko fa?

Ya ce, “Ƙullun masa mun san uwarshi mun san ubanshi. Wanga daga hannun wa ya fito?”

Atiku ya sa baki. “To in burodi ne, wa ke kwaɓawa? Hajjo ba ta nan. Nagoggo ta rantse ba ruwanta.”

Na dubi ganyen ceɗiya. Na ce, “Ni.”

Sai Lawali ya fara dariya, kamar tukunya za ta tafasa, sannan duka suka ɓarke. Atiku har da kwanciya. “Inna Siddiƙu! A ɗaura maka zane ko kana da naka?” Wani ya ce ai gara giyar.

Na bari suka gama. Na ce ga sharaɗi. Na'ibi ya sayi sabuwar tukunya da hannunsa. Gari daga gidansa, ruwa daga rijiyar masallaci. In kwaɓa a gabansu. Tukunya ta kwana a gidansa, amana, ni sai dai in zo da safe in ciyar da ita kowa na gani. In Juma'a ta zagayo ba ta tashi ta yi wannan warin ba, su kira ni abin da suka so, ba zan musa ba.

Malam Hamidu ya shafa gemu ya ce ya karɓi amana.

Sai da na dawo gida na tuna ban taɓa ganin an fara ta daga farko ba. Maganar Albarka kawai na riƙe. Albarka!

Asabar, 17 ga Nuwamba

Na naɗe hannun riga a zauren na'ibi na kwaɓa. Ban san unguwarmu na da marasa aikin yi da yawa haka ba. Atiku ya ce hannuna ya fi na matarsa iyawa, zai aiko a tambaya masa ko an yi mini miji.

Na ce sadakina ya fi ƙarfin mai albasa. Aka yi masa dariya shi ma. Na manta yadda abin yake.

Litinin, 19 ga Nuwamba

Ba motsi. Ƙullu kwance kamar gawa. Na ɗebe, na ciyar. An kawo mini buzu na zauna kaɗan, don kada a ce na gudu. Lawali ya ba da labarin jakinsa da ya bi motar Adamu har Kambaza. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ya iya.

Talata, 20 ga Nuwamba

'Yan ƙofofi biyu-uku, kamar idon kifi. Atiku ya ce numfashina ne ya faɗa ciki.

In tsohon nan Albarka ya zuba bammi a tukunyarsa tun farko ya rantse mini a banza fa? To na ci, na ba Yaya, na aika gidan na'ibi, kuma na kafa wa kaina shaidu. Na kasa cin tuwo. Yaya ta ɗauka tuwon ne, ta yi fushi.

Laraba, 21 ga Nuwamba

Na tarar da tukunya naɗe cikin tsohon rawani, an matsar da ita jikin bangon da ke bayan murhun gidan. Malam Hamidu ya kau da kai ya ce, “Safiya ta fara sanyi. Na ga kamar tana takura. Amana ce, in ta mutu a hannuna mi zan ce?” Ya tambaye ni ko ruwan ɗumi ya fi mata. Ya ce da ya tashi alwala yakan ɗan leƙa.

Saura gobe da jibi.

Alhamis, 22 ga Nuwamba

Ina shan shayi na ji ana buga ƙofa kamar gobara. Na'ibin Gwandu guda, ba hula, rungume da tukunya, kumfa ta cika rawani ta gangaro har gwiwar hannunsa, wari kuwa tun daga zaure. Ya ratso unguwa haka, jama'a na biye.

“Malam Siddiƙu! Ta tashi! Wallahi ta tashi! Ta ture faifan!”

Atiku ya matso ya shinshina, ya ja baya. “Subhanallahi. Na'ibi, kai ma maganin kaka sha?”

Malam Hamidu ya juya ya ce, “Atiku, wagga a gidana anka haife ta. Garina, ruwan masallaci, rawanina. Wanda duk ke da magana shi zo shi same ni.”

Atiku ya ce shi dama bai ce ba, cewa aka yi ya ce.

Na koma ciki wai zan ɗauko gari. Na daɗe ban same shi ba, alhali yana gabana.

Asabar, 24 ga Nuwamba

Tun da sun ga farko, suka ce sai sun ga ƙarshe. Na fito da akushin kwaɓi zaure, ƙofa a buɗe, na cuɗa da tsamin na'ibi. Yaya ta share tsakar gida ta shige ɗaki, na shigo da su bayan rumbu suka ga tanderu. Lawali ya zagaya ta ya ce wa ya yi zanen? Na ce tsaguwa ce.

Kofuna biyu gare ni. Jiya na wuni ina fafe ƙananan ƙore, na goge bakinsu da dutse, na ƙona wa kowanne alama da bakin wuƙa don kada a yi rikici. Sun yi kyau, ko da ni na faɗa. Na shimfiɗa tabarmi, na dafa shayi a babbar tukunya da citta da kanumfari, ga man shanu, ga zuma daga Dodoru.

Da na fito da shi ba wanda ya miƙa hannu. Malam Hamidu ya yi bismilla da ƙarfi yadda na waje za su ji, ya tsaga, ya ci. Ya rufe ido. Ya ce, “Ashe abin da Nasara ke ɓoye muna ke nan.”

Daga nan sai hannuwa. Atiku ya aika gida aka kawo masa miyar kuka, wai shi ba ya cin abu gaya. Ya tsoma burodi mai albasa a miyar kuka! Na ce wannan shi ne haramun ɗin da ya kamata a bincika. Lawali ya sa nasa a aljihu zai kai wa uwarsa. Ba a tashi ba sai da aka kira magariba, ko ɓarɓashi kaji ba su samu ba.

Tun kafin a cinye, na'ibi ya naɗe guda biyu da kansa, ya ba Adamu direba. Ɗaya na Hajjo, ɗaya na mahaifin Lukuman, da saƙon baki: daga Hamidu na'ibi, a gidansa aka haɗa tsamin, in akwai tambaya a aiko masa.

Sun bar mini zaure kaca-kaca. Mutane ba su da tsari.

Lahadi, 25 ga Nuwamba

Na buɗe ƙofa na tarar da kwandon albasa, manya, zaɓaɓɓu. Ba sallama, ba saƙo. Iyakar ban haƙurin Atiku ke nan, kuma ya fi bakinsa daɗi.

Alhamis, 29 ga Nuwamba

Malam Hamidu ya ƙi ba da tukunyarsa. Wai ta saba da gidan. Kullum sai ya zo mu gwada tasa da tawa, wacce ta fi tashi. Tasa ta fi. Rawanin ne.

Lahadi, 2 ga Disamba

Sun mai da Asabar da Talata ranakun zaurena, ba wanda ya nemi izinina. Ƙore ba su isa ba, na fafe wasu. Na gwada da dabino, ya ƙone. An cinye.

Litinin, 10 ga Disamba

Hajjo ta dawo. Ta tsaya bakin zaure tana kallon tabarmi da ƙore jere a bango. Ta shiga ta ga tanderu. Ta dawo ta ce, “Malam, katangar ta yi kyau.”

Talata, 11 ga Disamba

Hajjo ta ba ni labarin Kalgo tana tankaɗe mini gari. Mahaifin Lukuman ya ci saƙon na'ibi, ya tara almajiransa manya ya ba su labari, yanzu ba gidan da ba a sani ba. Madina kuwa ba ta iya kiran yaron da sunansa, sunan ubanta ne, kunya ba ta bari. An gwada Baba, an gwada Malami, ba wanda ya zauna. Ranar da burodi ya iso, wata gwaggonsu ta ɗaga yaron ta ce, “Ga Mai Burodi ya farka.” Shi ke nan. Har kakan nasa haka yake kiransa.

Karatun Katsina. Shekarun ofis. Turancin da har Bature kan tambaye ni ma'anar kalma. Abin da yaro ya gada ke nan.

Na ce wa Hajjo wannan rashin mutunci ne, zan aika a hana. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗe.

Da la'asar na leƙa wajen Lawali, akwai guntun garwa da ya rage. Na ce ya yanka mini gwangwani ɗan ƙarami, kamar tafin hannu. Ya ce na wa? Yaron ko haƙori bai da shi.

Na ce ya yanka ya rufe bakinsa. Haƙori ai fitowa yake.